Kawu Subhan, Wanda Ya Tuɓe wa Mota Riga a Kan Banihal

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Kawuna Subhan Magray, direban lori a hanyar dutsen Banihal, ya riga mu komawa ranar Talata shida ga Disamba, 1938, cikin watan ƙaramar Salla, jim kaɗan bayan azahar, a ɗakin mahaifiyata a nan Kazigund. Sanyi ne ya shiga ƙirjinsa ya ƙi fita. Bai kai shekara arba'in ba.

Sunana Zuni, 'yar yayarsa Taja mai ɗinki. Duk wanda ya san ni ya san ba na iya haɗa ido da baƙo, in an yi sallama a gidanmu ni ce mai gudu bayan labule. Shi ya sa na rubuta, don in na tsaya faɗa da baki muryata za ta maƙale, su kuma mutanen tasha su ci gaba da faɗin abin da suke faɗa a kanka, Kawu. Cewa suke yi ka mutu korarre, ka ba sana'a kunya. To, su saurara.

Kawu, tun ina ƙarama nake jin ƙarar motarka kafin kowa ya ji. Tsohuwa kake ce mata, kana lallashinta kamar mai rai. Kai ne ka fara kawo wa Inna aikin rigar lagireto, shekarar da Baba ya rasu, lokacin da babu mai kawo mata ɗinki sai ƙananan faci. Ka zo da igiya ka auna fuskar Tsohuwa, ka zana a ƙasa da tsinke, ka ce a yi ta da namda, bargon ulun nan mai kauri, a shimfiɗa auduga a ciki, a buɗe mata taga uku, kowace da marfinta da maɓallinta. Inna ta ce, "Subhan, yanzu har mota sai an ɗinka mata rigar feran kamar mutum? Gobe ka ce a huda mata kunne." Ka ce, "Yaya, ke dai ɗinka. In ta yi kyau har miji za ta samu." Kafin sanyin shekarar ya wuce, babu motar da ke tsayawa a tashar Kazigund da ba ta sanye da rigar gidanmu. Da wannan allurar aka ciyar da ni. Ba ka taɓa cewa kai ne sila ba.

Kai ka koya mini tagogin nan, ina tsaye a kan akwati don in kai. In za a hau dutse a buɗe duka uku, inji ya sha iska, in ba haka ba ruwansa ya tafasa. In an kai bisa za a gangara, a tsaya a rufe biyu, don iskar gangara ita ke daskarar da ruwa. In mota tana tsaye an kashe ta, a rufe duka, ta riƙe ɗuminta. Kana cewa direban da ke ƙyuyar saukowa ya taɓa maɓalli da hannunsa, gara ya koma tuƙa jaki. Ni ce mai ɗinka maɓallan, tun ina shekara tara. Na san na kowace mota: wanne ne na ƙaho, wanne na itacen goro, wanne ya yi sako-sako.

Akwai wani abu da Inna ba ta sani ba sai yanzu da za a karanta mata wannan. A cikin rigar Tsohuwa ta ciki akwai aljihu. Ka ce mata na tsumman goge hannu ne. Na littattafaina ne. Tun da matar mai gidan waya ta koya mini karatu, kuma kai ka roƙe ta, ba ka taɓa dawowa daga Jammu hannu wofi ba. Kai ba ka iya karanta ko harafi ɗaya ba, da hoton bango kake zaɓa: in ka ga mace tana kuka a bakin taga da wani mai gashin baki a kan doki, shi ke nan ka saya. Littafin yakan iso hannuna da ɗumi kamar gurasar da aka ciro daga tanderu, yana warin baƙin mai. Har yau in na karanta inda saurayi ya miƙa wa budurwa fure, warin baƙin mai nake ji. Bayan kwana biyu sai ka leƙo ka yi ƙasa da murya, "Malama Zuni, yaya ake ciki? Ya aure ta ko bai aure ta ba?" In na ce ubanta ya hana, sai ka buga cinya ka ce, "Tsohon banza! A ba ni shi in ɗora a bayan Tsohuwa mu gangara Ramban ba birki."

A littattafan nan na saba da jarumai. Sukan mutu a kan cinyar masoyiya, su faɗi magana mai daɗi, gari duka ya fito kuka. Na ɗauka haka ake yi wa duk wanda ya ba da ransa don wani. Ashe a takarda kawai ake yi.

Ga abin da ya faru, kamar yadda na ji daga bakinka da bakin matar mutumin da ka ɗauko.

Bayan Salla da 'yan kwanaki ka ɗauki akwatunan tuffa na Kwaja Sidik, mai motar, za ka kai Jammu, tafiyar ƙarshe kafin ƙanƙara ta rufe hanya. Ka kusa bakin ramin da hanya ke ratsa dutse ta cikinsa can bisa sai ka tarar dusar ƙanƙara ta zaftaro ta toshe hanya, babu gaba, juyawa kuma ba wuri. Ka sauko don ka duba, sai ka ga ƙafa biyu cikin takalman ciyawa sun leƙo daga bayan dutse. Jamal Shek ne, ɗaya daga cikin 'yan ci-ranin da ke tsallakawa Panjab a ƙasa duk shekara su yi dako. Abokan tafiyarsa sun wuce sun bar shi, wutar kangirinsa, ɗan kaskon garwashin da ake rungumewa cikin riga, ta mutu, leɓensa ya yi shuɗi, ba ya ma rawar sanyi. Ka lulluɓa masa bargonka, bai motsa ba. Ka gwada kunna wuta da katakon akwati, ya jiƙe. A duk faɗin dutsen nan abu ɗaya ne kawai ke da ɗumi: rigar da ke fuskar Tsohuwa, wadda ta sha zafin inji tun daga Kazigund. Ka kwance ta, ka naɗe shi a ciki, ka goya shi, ka gangara da shi ƙauyen Munda a ƙafa, kai kuma daga kai sai 'yar rigar ciki da feran.

An ce me ya sa ba ka tsaya ka zubar da ruwan lagireto ba tukuna. Famfon da ke ƙasa ƙanƙara ta riga ta kama shi, sai an zauna an narkar da shi da wuta, an jira. Wutar da babu. Jiran da mutumin ba shi da shi. Ruwan ya daskare, inji ya tsage, tuffa ta lalace. Jamal Shek ya rayu, yatsun ƙafarsa uku kawai aka yanke. Kai aka kawo mana kai a keken doki kana tari.

Kwaja Sidik bai tako gidanmu ba. Aike ya yi a faɗa maka kada ka ƙara zuwa inda motocinsa suke. Shi ban damu da shi ba sosai, mai tuffa ne, tuffarsa yake kuka. Wanda ya ƙona mini rai Ustad Lassa Mir ne, shugaban direbobin tasha, wanda ya koya maka tuƙi, wanda ba ka taɓa zama a gabansa ba sai ya ce ka zauna. Ya zo dubiya, Inna ta ba shi shayin gishiri, ya sha, sannan ya dube ka kana numfashi da ƙyar ya ce, "Subhan, da hannuna na koya maka. Ƙona kujera, ƙona kaya, tuɓe taka rigar ka bayar, amma ba a tuɓe wa mota a kan dutse. Yaron da ya shiga tasha jiya ya san wannan. Yanzu har direbobin Jammu dariya suke mana, wai na Kazigund su ke yi wa motocinsu tsirara."

Ka ce, "Ustad, a gafarce ni. Tsohuwa ba ta da 'ya'ya. Shi yana da huɗu."

Ya ce, "Kai dai ka ji da bakinka," ya tashi ya fita.

Ina bayan labule ina ji, na cusa gefen mayafina a baki don kada kukana ya fito. Ba na cewa dokarsu ta wauta ce. Na san dalilinta, kai ka gaya mini: motar da ta mutu a ƙunƙuntar hanya takan tsare duk na bayanta, sanyi ya cinye su gaba ɗaya. Amma ranar nan hanya a toshe take, babu kowa a bayanka, kuma Ustad ya sani. Dokar da aka kafa don kada mutum ya mutu a kan dutse, da ita aka kama ka don ka hana mutum mutuwa a kan dutse. Wannan lissafin na kasa gane shi, kuma na karanta littattafai da yawa.

Kwanakin da ka yi kwance ba ka zagi kowa ba. Tambayarka kullum ita ce ko an jawo Tsohuwa daga bisa, ko an rufa mata wani abu. Matar Jamal ta zo daga ƙauyensu da rigar a naɗe a kanta da ƙwai a cikin ƙwarya, ta durƙusa tana kuka, kai kana ce mata, "Haba baiwar Allah, tashi, ƙwan nan kai wa mai yatsu bakwai, shi ke buƙata." Da aka buɗe rigar, littafina yana nan a aljihu, wanda za ka kai wa mai shagon littattafai a Jammu a musanya. Ya jiƙe ya kumbura. Ka gan shi a hannuna ka ce a hankali, "Wannan fa, ya aure ta?" Na ce a'a Kawu, su duka biyun mutuwa suka yi. Ka ce, "Masu rubutun nan ba su da tausayi." Ka yi dariya, tari ya kama ka. Ita ce dariyarka ta ƙarshe da na ji.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Kowa a Kazigund ya san abin da tasha ke yi in direba ya rasu. Ranar addu'ar kwana huɗu, tun safe ake rufe wa kowace mota tagoginta uku, a kashe inji, babu mai motsi sai an shafa fatiha a makabarta. Ana rufe musu fuska, haka ake cewa. An yi wa wanda giya ta kashe. An yi wa wanda ya yi barci a kan sitiyari ya faɗa kwazazzabo da fasinjoji. Kai da kanka ka sha zagaya motocin nan kana ɓalla maɓallai don wasu. Ranar Alhamis labari ya iso mana cewa Ustad ya yanke: ba za a rufe maka ba. Wai ka mutu ba ka kan aiki, kuma wanda ya tuɓe wa mota riga ba a rufa masa da rigar mota.

Inna ta ji, ta ajiye allurarta ta juya fuska bango. Kaka, mahaifiyarka, wadda idonta ya tafi amma kunnenta na nan, ta ce, "Gobe zan ji. In sun rufe, garin zai yi shiru. In na ji ƙarar inji, na san ɗana ba shi da kowa a tashar nan." Wannan maganar ce ta hana ni sakat.

Da safiyar Juma'a na ɗauki mayafin Inna na fita. Ban taɓa shiga tasha ni kaɗai ba. Har na yi tunanin juyawa a bakin gada. Motoci suna jere, an kunna su suna ɗumama, tagogi a buɗe, za su ɗauki fasinjan Srinagar. Direbobi suna tsugune suna shan shayi. Wani mai suna Kadir, sarkin surutun tasha, ya hango ni ya ce, "A'a! Yau 'yar littafi ce a tasha? Ɗan sarki kika zo nema, 'yan mata? Nan sai masu baƙin mai a farce." Suka kwashe da dariya.

Na shirya maganganu tun daga gida, masu kyau, irin na littafi. Ko ɗaya bai fito ba. Sai kawai na nufi motar farko, na ɗaga hannu, na saukar da marfin sama na ɓalla, na tsakiya, na ƙasa. Hannuna ya san hanya ko da idona ya cika da hawaye. Na wuce ta biyu.

Kadir ya miƙe, "Ke! Ke 'yar Taja! Inji na aiki, za ki tafasa mini ruwa!"

Hazara Singh, dattijon nan mai farin gemu da kuke raba abinci da shi a Banihal, ya ce, "Kadir, zauna. Ai hannu gare ka. In kana so ka je ka buɗe, ga mu muna kallo." Sannan ya ce da ni, "Ci gaba, ɗiyata. Tawa ce ta uku, maɓallin tsakiya yana da taurin kai, ki danna sosai."

Kawu, ban san haka abin zai kasance ba, wallahi ban shirya shi ba. Injin da ke aiki ba ya daɗewa da taga a rufe. Dole kowane direba ya zaɓa da hannunsa, a gaban kowa: ko ya zo ya ɓalle maɓallan da na rufe don kai, ko ya kashe inji. Hazara Singh ya fara, ya hau ya kashe tasa, ya sauko ya zauna a gabanta. Na kusa da shi ya bi. Kadir ya tsaya yana zage-zage, yana kallon motarsa yana kallon mutane, har tururi ya fara fita, sannan ya ce, "Allah ya isa tsakanina da gidan Magray, a raye fitina a mace fitina," ya hau ya kashe. Da ya sauko na ga yana goge ido da hannun riga, ya ce hayaƙi ne. Ɗaya bayan ɗaya, tasha ta yi tsit.

Saura ta Ustad Lassa. Na rufe mata kamar sauran. Ya taso a hankali, ya tsaya a gabana, ni kuma idona yana ƙasa. Ya ce, "Yarinya, koma gida. Wannan ba sha'anin mata ba ne." Ya sa hannu ya ɓalle na sama, ya ɓalle na tsakiya, ya ɓalle na ƙasa. Ya hau, ya ja motarsa ya kama hanyar Srinagar ba fasinja ko ɗaya, don babu wanda ya yarda ya shiga.

Da na koma gida Kaka tana zaune a bakin ƙofa. Ta ce, "Guda ɗaya na ji. Ta wane ne?" Na faɗa mata. Ta ce, "To. Ɗaya ba komai." Aka shafa fatiha, direbobi suka zo gida suka zauna a tabarma, Hazara Singh, da yake ba addininmu ɗaya ba, a can gefe da hannuwansa a haɗe.

Kaka ta ce ba komai. Ni a wurina komai ne, kuma ba zan yi ƙarya a kan kabarin Kawu in ce na huce ba. Ban huce ba. Ustad Lassa Mir, na san za a karanta maka wannan a tasha, Kadir ba zai bari ya wuce ka ba. Shekara nawa Kawu yana ɗaukar maka jaka, yana ba ka wuri kusa da wuta, yana cewa duk abin da ya iya kai ne? Safiya guda ya nema a wurinka, bai ma nema da bakinsa ba, ka hana shi. Ka je ka riƙe dokarka. Amma ka sani, kai ma akwai Juma'ar da za ta zo, ko Litinin, da motarka za ta tsaya a tasha ba ka ciki. In Allah ya kai ni ranar, zan zo in rufe mata tagoginta uku da hannuna, ko an ce a yi ko an ce kada a yi. Maɓallan ni na ɗinka su, kuma wanda ya koya mini rufe su bai koya mini zaɓen wanda za a rufa wa ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Kaka, wadda ta binne ɗan da ta sa ran shi zai binne ta. Ga Inna Taja, da ta rasa ƙane ta rasa majingina, Allah ya ƙarfafa hannunki a kan allura. Ga dangin Magray na nan da na Verinag. Ga Hazara Singh da direbobin da suka kashe injinsu, har da kai Kadir. Ga Jamal Shek da 'ya'yansa huɗu, kada ku ɗora wa kanku laifi, shi bai ɗora muku ba. Da kuma wata a Munda, mai ajiye masa shayi da zafi duk ranar da zai wuce, wadda ba zan faɗi sunanta ba. Na daɗe da ganewa, na kuma daɗe ina tsara muku ƙarshen da ya fi wannan. Allah ya ba ki haƙuri.

Rigar Tsohuwa tana nan a ɗakinmu, Kaka ke rufa da ita. Ta ce har yanzu tana jin warinka.

Ya Allah, ga bawanka Subhan ya zo maka da sanyi a ƙirji. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ya ga wani bawanka a yashe cikin ƙanƙara, ya cire abu ɗaya mai ɗumi da yake da shi ya rufa masa. Ya Ubangiji, ka rufa masa da rahamarka kamar haka. Amin.